Bokitin ruwan kifin ado: sabon roba, na fenti, jarka ko na ƙarfe?

Mai ajiye kifin ado a akwatin gilashi ba ya rabuwa da bokiti. Da shi ake kwashe tsohon ruwa, a cikinsa sabon ruwa yake kwana kafin a zuba, a ciki ake matse soson na'urar tace ruwa, kuma nan kifin yake fakewa ranar da gilashi ya tsage ko za a tashi daga gida. Duk da haka sai ka ga mutum ya zuba kuɗi mai kauri a kan gilashi da fitila da famfon iska da kifin da aka ɗauko tun daga Legas, amma ranar canjin ruwa ya miƙa hannu ya ɗauki duk bokitin da ya tarar a bakin famfo. Kifi da yawa a garin nan na Jos ta wannan hanya suke mutuwa, mai su kuma ya ɗora laifin a kan sanyi ko a kan wanda ya sayar masa.

Sabon bokitin roba na gama-gari, irin wanda ake jerawa a kasuwar Terminus, yawancinsa ba ya yi wa kifi komai. Ba sai ka nemi wani bokiti na musamman mai tambarin kifi a jikinsa ba. Robar da ake ƙera bokiti da ita ba ta narkewa a ruwan sanyi, ba ta canza ɗanɗanon ruwa, kuma irinta ce masu kiwon tarwaɗa suke ɗaukar ƙananan kifi a ciki daga wannan jiha zuwa waccan. Abin tsoron yana wurare biyu: da me aka narka aka yi bokitin, da kuma me aka taɓa zubawa a cikinsa kafin ya zo hannunka. Na biyun ya fi na farkon kisa nesa ba kusa ba.

Kifa bokitin ka duba gindinsa. Idan na kamfanin kirki ne za ka ga ɗan alwatika da lamba a tsakiya. Tsari ne da masu masana'antar roba na Amurka suka fito da shi a 1988, lambobin daga 1 zuwa 7, kowace tana nuna nau'in robar. Lamba 2, wadda akan rubuta HDPE a ƙarƙashinta, ita ce robar jarkar man girki. Lamba 5, mai alamar PP, ita ce ta bokitin kastad da robobin ajiye abinci, kuma ta fi jure ruwan zafi. Waɗannan biyun su ne abin nema, kusan duk bokitin kirki ɗaya ne daga cikinsu. Tsakaninsu ban ga abin tsayawa dogon zaɓe ba: lamba 2 ta fi laushi da jure faɗuwa, lamba 5 ta fi tauri da ƙyalli amma ta fi saurin tsagewa idan ta sha rana da sanyi. Lamba 3, wato PVC, idan mai laushi ce ana haɗa ta da sinadaran sassauta roba waɗanda suke tsattsafowa cikin ruwa a hankali, don haka a bar ta. Lamba 7 kwandon tarkace ce, duk robar da ba ta shiga shidan farko ba nan ake jefa ta. Wani lokaci kuma za ka ga hoton kofi da cokali mai yatsu, alamar cewa an yi robar don abinci ne. Idan ka samu wannan ka huta.

Sai dai bokitai masu yawa a kasuwanninmu babu ko ɗigon rubutu a gindinsu. A nan ido da hanci ne za su yi aiki. Na taɓa tsayawa gaban wani mai robobi ina jujjuya wani baƙin bokiti mai kauri, ya ce, "Malam, ɗauki wannan, ko mota ta bi ta kansa ba ya fashewa." Gaskiya ya faɗa wajen ƙarfi. Amma da na ɗaga shi sama a rana sai ga ɗigo-ɗigon launi daban-daban a jikinsa, da wasu jirwaye masu kama da toka, cikinsa da ɗan kaushi-kaushi, da na sa hanci kuwa sai warin ƙonanniyar taya. Farin da ke gefensa ya fi shi sirantaka, haske yana ratsa shi bai-ɗaya, santsi sumul, ba ya warin komai. Na farkon tsohuwar roba ce aka niƙa aka sake narkawa. Na biyun sabuwar roba ce.

Ba na raina sana'ar sake narka roba. Tana ciyar da 'yan bola jari, tana rage shara, kuma bokitin da aka yi da ita yana wanki da aikin gini lafiya lau. Matsalarta ga kifi ita ce babu mai iya gaya maka abin da ya shiga tukunyar. A cikin tarin da aka niƙa ana iya samun galan ɗin maganin feshi, da kwanson batirin mota, wanda shi ma robar lamba 5 ce amma ta yi shekaru tana riƙe da dalma da asid, da murafun tsofaffin talabijin da kwamfuta waɗanda aka cuɗa da sinadarin hana kama wuta. Tsofaffin robobi masu ja da rawaya mai ƙarfi kuma wasunsu da launin kadmiyom ko na dalma aka rina su. Idan aka gauraya wannan duka launin yakan fito a dagule, shi ya sa ake rufe shi da baƙi ko ruwan toka. Baƙin launin a karan kansa ba guba ba ne, garin gawayi ne mai laushi, kuma shi yake kare tankunan ruwan da ke saman gidajenmu daga rana. Baƙin tanki na ruwan sha daban, baƙin bokitin da ba a san asalinsa ba daban.

Shin irin wannan bokiti zai kashe kifi nan take? Da wuya. A nan tsawon zaman ruwa a ciki ne ma'auni. Idan tsohon ruwa kawai za ka janyo da tiyo ka kai wa shuka, kowane bokiti ya yi, tunda ruwan ba zai koma akwati ba. Idan sabon ruwa zai yi minti goma a ciki kafin a juye, haɗarin kaɗan ne. Amma ruwan da zai kwana biyu ko mako a ciki, musamman in rana tana dukansa ko an sa masa hita, yana da lokacin jan duk abin da robar za ta iya saki. Kifin da aka ware don jinya ya zauna kwanaki a bokitin kuwa ya fi kowa shiga haɗari, ga rashin lafiya ga ƙarancin ruwa. Bambancin kuɗin fari da baƙi bai kai kuɗin kifin golfish ɗaya ba, don haka ban ga dalilin yin caca ba. Farin yana da wani amfanin kuma: kana ganin datti, kana ganin launin ruwan, kuma idan tiyo ya zuƙo jaririn ƙaramin kifi irin gupi za ka hango shi kafin ka zubar.

Yanzu ga babban mai laifi, bokitin gida. Sabo ne fil lokacin da aka saye shi, lamba 5 ce a gindinsa, amma ya shekara ana jiƙa wanki a ciki. Sabulun gari aikinsa shi ne kwance maiƙo. Kifi kuma jikinsa lulluɓe yake da yauƙi mai kare shi daga cuta, sannan jan naman nan da ke ƙarƙashin kunnensa, wanda yake shaƙar iska daga ruwa da shi, fatarsa siririya ce ƙwarai. Sabulun da mutum ba zai ji ko ɗanɗanonsa ba ya isa ya kwashe yauƙin ya ƙona wurin numfashin. Roba idan ta tsufa takan yi ƙananan karce daga soson ƙarfe da yashi, sabulu yana maƙalewa a ciki, ɗauraya ɗaya ko biyu ba ta fitar da shi. Wanda ya taɓa zuba miyar manja a farar roba ya san yadda take riƙe abu, ka wanke ka sake wankewa, jan yana nan.

A wani gida a Unguwar Rogo na ga yadda abin yake. An canza ruwa da yamma, da safe kifayen duka suna saman ruwa, bakunansu suna buɗewa suna rufewa da sauri, fukafukansu a manne da jiki, wasu suna zabura suna bugun gilashi. A gefen da famfon iska yake aiki kumfa ta taru ta ƙi fashewa, alhali kumfar ruwa mai tsabta da ta fito take ɓacewa. Ƙanwar mai akwatin tana tsaye hawaye ya cika mata ido tana cewa, "Wallahi Yaya na ɗauraye shi sosai, don in taimake ka ne." Kuma ta ɗauraye ɗin. Babu wanda ya taɓa gaya mata cewa tsabtar da ta isa kwanon abinci ba ta isa ruwan kifi ba. An ceci mafi yawansu da canza rabin ruwan da wani mai tsabta, aka sake bayan 'yan sa'o'i, aka ƙara iska, aka sa gawayin tace ruwa a cikin na'urar. Haka ake yi wa duk gubar da ta shiga akwati, kuma sauri ne yake raba wanda zai rayu da wanda zai tafi.

Sabulu ma da sauƙi idan aka kwatanta da maganin ƙwari. Mu a Filato noma ne ya kewaye mu, daga dankalin Turawa na Bokkos da Mangu zuwa kabeji da tumatirin da ake saukewa a Farin Gada, kuma a bokiti ake dama maganin feshi. Yawancin magungunan ƙwarin nan, irin su saifametirin, suna daga cikin abubuwan da suka fi komai guba ga kifi, ɗan abin da ido ba zai gani ba yana iya share akwati guda. Danginsu ne ake shafa wa gidan sauro mai magani. Saboda haka bokitin da aka taɓa wanke gidan sauro a ciki ya fita daga lissafi, haka wanda ya ga maganin kaska na dabbobi, ko fiya-fiya, ko kananzir da man dizal. Roba tana tsotse irin waɗannan abubuwa masu maiƙo zuwa cikin jikinta, daga baya ta riƙa sakinsu kaɗan-kaɗan. Babu wankin da zan amince da shi a nan. Ko sabon bokitinka ne, idan za a fesa maganin sauro a ɗaki, fitar da shi, ka rufe akwatin da zane, ka kashe famfon iska har sai warin ya tafi.

Bilic irin su Hypo, abin mamaki, ya fi waɗannan duka sauƙin sha'ani. Yana kashe kifi idan ya shiga akwati, amma kulorin ne, yana tashi, kuma akwai maganin da ke kashe ƙarfinsa. Bokitin da kifi mai cuta ya zauna a ciki ana iya wanke shi da bilic marar ƙamshi wanda aka sirka da ruwa sosai, a ɗauraye, a shanya a rana har warin ya ɓace gaba ɗaya. Izal da Dettol ba haka suke ba, suna da maiƙo kuma suna kama roba.

Bokitin fenti mai lita 20 shi ne wanda kowa yake tambaya a kai, don yana da ƙarfi, yana da murfi mai kamawa, kuma bayan an gama gini kyauta ake samunsa. Robarsa mai kyau ce, yawanci lamba 5 ko 2. Abin da ya zauna a ciki ne damuwar. Fentin ruwa na bango ana sa masa sinadaran hana shi ruɓewa a cikin bokiti da hana bango yin fumfuna, kuma waɗannan sinadarai guba ne ga halittun ruwa. Fentin mai kuwa yana da sinadaran narkarwa da roba ke sha, kuma an sha samun dalma mai yawa a fentin mai da ake sayarwa a Najeriya. Na san masu kiwon tarwaɗa da suke amfani da tsohon bokitin fentin ruwa wanda aka kankare, ya yi shekaru ana ɗibar ruwa da shi, kifinsu lafiya. Amma tarwaɗa kifi ce mai taurin rai wadda take rayuwa a taɓo, kuma ruwan bokiti ɗaya yana ɓacewa ne a cikin dubban litoci. Akwatin falo mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsawo 30, lita 54 kawai yake ci. Bokiti ɗaya ya haura kashi ɗaya cikin uku na duniyar kifin. Ni dai na fenti a wurina na kwashe tsohon ruwa ne kawai. Idan ka samu irinsa sabo dal wanda fenti bai taɓa shiga ba, wannan kam ka yi dace.

Cikin na hannu, wanda na fi yarda da shi shi ne bokitin bota ko na mayonis da ake samu a gidajen biredi da wurin masu abinci. Don abinci aka yi shi, yana da murfi, kuma ka san tarihinsa. Aibinsa maiƙo, wanda yake shimfiɗa wata siririyar yana a saman ruwa ya rage shigar iska. Ruwan zafi da jiƙaƙƙiyar kanwa suna fitar da shi, sai a ɗauraye da kyau, domin ragowar kanwa tana canza yanayin ruwan. A cika shi ya kwana, da safe a duba saman ruwan ta gefe a cikin haske. In akwai ƙyalli mai launi-launi, da saura.

Jarkar man girki mai lita 25, rawayar nan ta 'yan garuwa, robarta lamba 2 ce kuma ta abinci. Tana da daɗin ɗauko ruwa daga nesa ba tare da ya zube ba. Amma hannu ba ya shiga a goge cikinta, ba ka ganin gansakukar da ta kama ƙasanta, kuma ƙaramin bakinta ba ya barin kulorin ya fita da wuri. Jarkar da aka saya a hannu kuma tana iya yiwuwa ta yi zaman fetur a wani lokaci, hanci zai gaya maka. Shuɗin duro mai lita 200 ya dace da mai babban akwati, da sharaɗin an san tabbas abin da ya zo a ciki, domin da yawansu sinadaran masana'antu suka ɗauko. Gorar ruwan injin sanyaya ruwa ta ofis tsabtatacciya ce, sai dai ita ma bakinta ƙarami ne, kuma kada a bar ta a rana.

Bokitin ƙarfe irin na da, wanda iyayenmu suka fi yarda da shi, shi ne wanda zan ce a guje masa kai tsaye. Farin rufin da ke hana shi tsatsa zink ne, kuma zink yana narkewa a ruwa ya lalata wurin numfashin kifi. Ƙasar Jos ta dutsen giranit ce, ruwan rijiya da na burtsatse a nan yawanci mai laushi ne, ba shi da yawan alli, ga ɗan tsami-tsami. Irin wannan ruwa ya fi cin ƙarfe, kuma a cikinsa gubar ƙarfe ta fi kama kifi. Dalili ɗaya ne ya sa ruwan saman da aka tara daga kwanon rufi bai dace a zuba shi kai tsaye ba, musamman na farkon damina ko na sabon kwano. Duk abin da yake da tagulla a jiki ya fi muni, jatan lande da dodon koɗin akwati su ne suke fara mutuwa. Randa ba ta da guba, amma sanyaya ruwa take yi, mu kuma a Jos ba sanyi muke nema ba.

Garin yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, a Disamba da Janairu da daddare zafin iska yakan sauka ƙasa da digiri 15. Gupi da moli da sauran kifin ƙasashe masu zafi suna son ruwa tsakanin digiri 24 zuwa 28. Bokitin da ya kwana a tsakar gida cikin hunturu, ko da robarsa ta fi kowace tsabta, idan aka juye shi a akwati mai hita, kifin zai sandare, bayan kwana biyu fararen ɗigo su feso masa a jiki. Golfish ya fi jurewa, amma shi ma ba ya son canjin farat ɗaya. Ajiye bokitin a ɗakin da akwatin yake, ko ka sirka shi da ɗan ruwan zafi har ma'aunin zafi ya nuna sun yi kusa da juna. A nan lamba 5 ta ɗan fi, ba ta damu da ruwan buta ba.

Ruwan famfo na hukumar ruwa, wanda ake tacewa daga madatsai irin na Lamingo da na Yakubu Gowon, ana sa masa kulorin don lafiyar mutane. Kulorin yana kashe kifi, yana kuma kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a soson na'urar tace ruwa, waɗanda suke mayar da kashin kifi marar illa. Shi ya sa ake matse soson a tsohon ruwan akwati a cikin bokiti, ba a ƙarƙashin famfo ba. A bokiti mai faɗin baki kulorin yana tashi cikin kwana ɗaya zuwa biyu, ya fi sauri idan an jefa dutsen iska a ciki, wato ɗan dutsen da famfon iska yake fitar da kumfa ta cikinsa. Akwai wani nau'i mai suna kuloramin wanda wasu hukumomin ruwa a duniya suke amfani da shi, shi ba ya tashi da ajiya, amma ɗigon maganin da masu sayar da kifin ado suke da shi yana kashe ƙarfin duka biyun cikin mintuna. Ruwan burtsatse babu kulorin, sai dai yana fitowa da ƙarancin iskar numfashi, don haka shi ma kwana a buɗaɗɗen bokiti yana gyara shi.

Wajen girma, lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Cikakken bokiti mai lita 20 kilo 20 ke nan, ɗaga shi zuwa bakin gilashi yana karya mariƙi, yana iya karya gilashin ma. Mai akwatin lita 54 da yake canza kashi ɗaya cikin huɗu duk mako lita 13 zuwa 14 yake buƙata, bokiti mai lita 15 ya ishe shi. Duba inda mariƙin ya shiga jikin robar, nan yake fara yagewa, kuma kada ka bar mariƙin ƙarfe ya riƙa kwanciya a cikin ruwan.

Sabon bokiti a wanke shi da ruwan ɗumi da gishiri a tafin hannu, don cire ƙurar kasuwa da maiƙon injin da ya ƙera shi. A goga farin ƙyalle a ciki a ga ko launi zai fita. A cika shi ya kwana a zubar. Daga nan a rubuta KIFI da manyan baƙaƙe a jikinsa da murfinsa, a tara mutanen gida a gaya musu dalili, don wanda ya fahimci dalili ya fi wanda aka hana kawai kiyayewa. Wanda yake da hali ya sayi biyu, fari na sabon ruwa, wani launi na tsohon ruwa da wanke soso. Soso da tiyo da ragar kamun kifi su zauna a cikinsa, shi kuma a ƙarƙashin teburin akwatin, nesa da banɗaki da kicin.

Idan ruwa yana kwana a ciki, a ɗaure masa ƙyalle mai shara-shara a baki don sauro kada ya yi ƙwai, iska kuma ta samu shiga. Gidan da yake da yaro mai rarrafe ko mai koyon tafiya, a ajiye bokitin a ɗakin da ake kullewa ko a kan wuri mai tsayi. Yaro ƙarami kansa yana da nauyi idan aka kwatanta da jikinsa, idan ya leƙa ya faɗa da ka ba ya iya fitowa, kuma ruwa kaɗan ya isa ya yi ɓarna. Wanda ba shi da inda zai ɓoye shi, gara ya sayi maganin kulorin ya riƙa haɗa ruwan a take yana zubawa, ya kife bokitin ya bushe.